Tarin fuka: na je likita da wuri, aka gano shi a makare

Duk shekara idan 24 ga Maris ta zagayo, ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya, sai ka ji ma'aikatan lafiya a rediyo suna yi wa jama'a bayani. Kusan kullum ƙorafin ɗaya ne: mutanenmu ba sa zuwa likita da wuri, sai sun gama da boka da mai tallar magani, sai ciwo ya kayar da su. Akwai gaskiya a ciki, na san waɗanda suka yi haka. Amma akwai wani jinkirin da ba a cika taɓo shi ba, wanda ke faruwa bayan mutum ya kai kansa, ya sayi karne, ya bi layi, ya zauna gaban mai farar riga. Nawa irin wannan ne. Tari ya kama ni a farkon Nuwamba, kafin watan ya ƙare na je gidan likita, amma sai da zafin Maris ya kankama aka kira ciwon da sunansa.

Ni malamin makarantar firamare ne a nan Maradi, shekaruna sun haura arba'in, ba na shan taba, kuma Allah ya yi ni mai jiki. Kowanne daga cikin waɗannan sai da ya sa wani ya dube ni ya cire tarin fuka daga lissafinsa.

Na fara da gidan likita na unguwarmu. Palu, wato zazzaɓin cizon sauro, bai gama sakin gari ba, rumfar jira cike take da mata da yara masu masassara, ma'aikaciya ɗaya ce kuma ke duba kowa. Da layi ya zo kaina ta ce, "Mushe, me ke damunka?" Na ce tari da zazzaɓin yamma. Ta tambayi ciwon kai, ta tambayi amai, ta sa aka soki yatsana aka yi awon palu na gaggawa. Layi biyu suka fito. Ta rubuta maganin palu da amoksisilin da siro na tari, ta kira na bayana. Kujerar ko ɗumi ba ta ɗauka ba.

Awon bai yi ƙarya ba. Sai dai a ƙasarmu babban mutum na iya ɗauke da ƙwayar palu a jini alhali ba ita ke wahalar da shi ba, kuma wannan awon yakan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya sha magani ya warke. Ni kuwa na yi palu a Oktoba. Awon ya amsa tambayar da aka yi masa, tambayar da ta dace da ni ce ba a yi ba: tun yaushe kake wannan tari? Ƙa'idar da aka ɗora ma'aikata a kai ba ta da wuya, duk wanda tarinsa ya kai mako 2 a auna kakinsa. A ranar nawa ya riga ya wuce haka.

Masassarar ta ɗan lafa, tarin bai je ko'ina ba, don amoksisilin ba ya taɓa ƙwayar tarin fuka. Sai hunturu ya sauka. Duk wanda ya san Maradi a Disamba ya san yadda ƙura ke rufe gari har ba ka hango ƙarshen titi, ƴan kabu-kabu kowa da ƙyalle a hanci, a masallaci liman na karatu ana amsa masa da tari sahu-sahu. A irin wannan lokaci mai tari ba abin kallo ba ne. Abokan aiki suka ce alli ne, maiɗakina ta ce sanyi ne. Abin da ya raba nawa da na kowa shi ne gumi. Cikin sanyin da mutane ke neman bargo na biyu, ni sai in farka tsakar dare rigata sharkaf. Abinci kuma ya fita raina, tuwo sai in taɓa in wanke hannu.

Wani abokin aiki ya nuna mini wani kabine mai zaman kansa, ya ce can ba layi, kuma suna da labo. Haka na tarar, ga tarba ta mutunci, ga wurin zama. Aka sayar mini da sabon karne. Na ce ina da wani a gida, aka ce ba komai, nan da namu muke aiki. Ke nan labarina ya koma shafin farko. A idonsu ni mutum ne da ya zo yau da zazzaɓi, ba wanda ya sha magani tun watan jiya ciwo ya ƙi ji ba. Mai duba ni ya ji zazzaɓin yamma da kasala da rashin cin abinci, ya ce a yi Widal. Sakamako ya fito, wai taifot. Aka kwantar da ni aka ɗaura sirum, aka rubuta mini siprofloksasin in tafi da shi gida.

Wannan Widal ɗin tsohon awo ne, tun 1896 aka fito da shi. Ba ƙwayar taifot yake gani ba, alamar da jini ya ajiye bayan haɗuwa da ita yake gani, kuma a garin da kusan kowa ya taɓa shan ruwan da bai kamata ba, da wuya a rasa wannan alama. Har palu yakan sa ya nuna abin da babu. Amma yana da sauri, ana yin sa a wurin, ana biya a wurin, kuma bayansa akwai sirum da gado da allura. Awon kaki kuwa kyauta ne, a wani wuri daban ake yin sa, wanda ya tura ka can ya tura kuɗinsa ne. Ban ce da gangan aka yi mini ba, mutumin ya yi mini kirki kuma na ga ya yarda da abin da ya rubuta. Amma idan hanya ɗaya tana kawo jika-jika ɗayar kuma ba ta kawo ko dala, ba sai mutum ya zama mugu ba kafin hannunsa ya saba da ta farko.

Abin da ya fi cutar da ni a duk wannan tafiya shi ne na ji sauƙi. Cikin ƴan kwanaki gumin ya ragu, tarin ya sassauta, na ci abinci, har na je na yi wa mutumin godiya. Ashe siprofloksasin ɗan gida ɗaya ne da levofloksasin da moksifloksasin, waɗanda ake ba masu tarin fuka mai bijire wa magani. Yana taɓa ƙwayar, ba ya kashe ta duka. Kamar wanda ya rufe garwashi da toka ne, hayaƙi ya ɗauke, wutar tana nan. Ƙwayar tarin fuka ba ta mutuwa da magani guda na ƴan kwanaki, shi ya sa ake haɗa mata 4 lokaci ɗaya. Idan aka ba ta guda, mai ciwo ya samu hutun da zai sa ya zauna gida, ƙwayoyin da ke cikin kaki su ragu har awo ya kasa ganinsu, waɗanda suka tsira kuma su fara koyon jure wa maganin da wata rana za a iya buƙata.

Da hutun ƙarshen shekara ya ƙare muka koma aji, ciwo ma ya dawo. Na sake zuwa likitar unguwa. Waccan ma'aikaciyar ba ta nan, wani yaro ne ɗan sitaj, mai koyon aiki, a kujerar. Ya ji ni malami ne, nan take ya gama bincike: ƙurar alli da ta hunturu. Ya ƙara da cewa, "Baba, mai tarin fuka ai ba ya kai ka jiki." Ya ba ni siro da ƙwayar deksametazon. Ita ma tana kwantar da tari da zazzaɓi na ɗan lokaci, amma tana yin haka ne ta hanyar sassauta garkuwar jiki, wadda ita kaɗai ke riƙe da ciwon a lokacin. Gaskiyarsa ta wani gefe, ina da sauran jiki. Amma bai san ni a Oktoba ba. Da ya ɗora ni a sikeli, da kuma wani ya taɓa ɗora ni ya rubuta, da lambobin biyu sun yi magana. Sikelin na nan a kusurwar ɗakin, na awon mata masu ciki ne.

A gida kowa ya kawo tasa. Inna ta aiko da zuma da saiwoyi daga Tibiri, Yaya ya ce mu tsallaka Katsina a duba ni. Na sha zumar, Katsina kuwa ba mu je ba.

A Fabrairu ne wata dattijuwar ma'aikaciya, da ta ga ina ƙara huda ɗamarar wandona da ido kawai ta gane, ta ce, "Ɗana, tun yaushe?" Na ce tun Nuwamba. Ta ajiye biro. Ta rubuta takardar awon kaki, ta tura ni inda ake yi. Na ɗauka an zo ƙarshe.

A labo wani ya miƙo mini ƴar roba mai murfi ta taga, ya ce, "Ka tofa ka kawo." Iyakar bayanin ke nan. Wurin cike da mutane, na koma wani lungu na yi abin da aka ce, na tofa. Abin da ya shiga robar yawu ne da ɗan kumfa. Aka karɓa ba a duba ba. Washegari na kawo na safe, shi ma ba wanda ya ɗaga shi ya kalla. Sakamako ya fito: ba a ga komai ba.

Wannan takardar ta ci mini kusan wata guda, shi ya sa zan tsaya a kanta. Awon kaki na mikroskop dabara ce ta zamanin Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar a 1882. Ana shafa kaki a gilashi, a rina shi, mutum ya sa ido ya nemi ƴan jajayen sanduna. Kafin a gan su sai ƙwayoyin sun kai wajen 5,000 zuwa 10,000 a cikin mililita ɗaya. Idan sun gaza haka, ko aka kawo yawu maimakon kaki, ko mai ciwo ya sha irin maganin da na sha, ko mai duba gilashin yana da tarin wasu gilasai suna jiransa ga awon palu ga na ciki, sai a rubuta ba a gani ba. Masu tarin fuka na huhu da yawa haka awonsu ke fitowa. Abin da ya kamata ya biyo baya a bayyane yake: in alamun suna nan, a sake awo da na'ura mafi gani, a ɗauki hoton ƙirji. Amma takarda mai hatimi tana da kwarjini. Ni na yi hamdala, maiɗakina ta yi sadaka, kuma wanda na kai wa sakamakon ya ce, "To Alhamdu lillahi, ba shi ba ne," ya rubuta wani maganin na ciwon huhu. Daga ranar duk wanda na ce wa ina tari, kafin in rufe baki sai ya ga takardar ya ce ai an riga an duba wannan.

Jini ne ya buɗe ƙofar da takardar ta rufe. Wata asuba ina alwala na yi tari, na ga ja a ƙasa. Ba mai yawa ba, amma maiɗakina ta gani. Ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta tattaro duk karne da ordinansi da sakamakon awo da kwalayen magani da ta ajiye tun Nuwamba, ta zuba a leda ta ce, "Malam, yau babbar likita za mu, kuma da wannan za mu."

Mun wuni a layi. Likitan da ya gan mu ya karɓi ledar, ya baje takardun a tebur, ya jera su bisa kwanan wata. Shi ne mutum na farko da ya ga tafiyar daga farkonta: palu, taifot, ƙurar alli, ciwon huhu, magani bayan magani, tari guda. Ya ɗan jima yana dubawa, sannan ya ce, "Malam, labarin nan ai a rubuce yake, a warwatse ne kawai." Ya sa abin saurare a saman ƙirjina da bayana, ya taɓa wuyana da hamatata, ya tambayi ko akwai mai dogon tari a gida ko a wurin aiki, ya ɗora ni a sikeli. Ya rubuta hoton ƙirji da awon GeneXpert, ya ce kada in sha ko ƙwaya ɗaya ta wancan maganin kafin a karɓi kakin.

Hoton da kuɗi ne, kuma wuta ta ɗauke muka dawo wata ranar. Da ya fito likitan ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini wani zagayayyen duhu a saman huhun dama. Rami ne, ya ce, inda ciwon ya cinye naman huhu. Irin wannan ba a mako ɗaya yake samuwa ba.

GeneXpert na'ura ce da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta amince da ita a ƙarshen 2010. Ita ba ido take sa wa ba, ƙwayar halittar cutar take nema, don haka ko ƙwayoyin kaɗan ne tana kama su, kuma a awo ɗaya tana faɗin ko rifampisin, babban maganin tarin fuka, zai yi aiki ko ba zai yi ba. Aikinta wajen awa 2 ne. Amma awa 2 ɗin na cikin na'ura ne. Tana son wutar da ba ta yankewa, tana son ɗaki mai sanyi, ga Maradi a Maris zafi na haura digiri 40, ƙura na lalata ta, kuma kowane awo sai da katush ɗinsa, ƴar robar da ake zuba kaki a sa cikin na'urar, wanda daga waje ake kawowa. Ba kowace likita ke da ita ba, kakin ƙauyuka da yawa sai an ɗauko shi a babur zuwa inda take, a jera a jira. Nawa ya shiga wannan layin. Mutumin ƙauye da ke Dakoro ko Mayahi ko bayan Madarunfa, wanda zuwansa ɗaya kuɗin mota ne da barin gona ko dabba, idan aka ce masa ya dawo jibi, Allah kaɗai ya san ko zai dawo.

A wannan labon ne aka koya mini abin da ya kamata a koya mini a Fabrairu. Mai awon ya fito daga bayan tagarsa ya ce, "Mushe, ka zagaya bayan ɗakin nan inda iska take. Ka kurkure baki da ruwa. Ka ja numfashi mai zurfi, ka riƙe, ka saki, sau uku, sannan ka yi tari daga can ƙasan ƙirji. Mai kauri nake so, kamar cikin ƙaramin cokali. Yawu ka bar wa kanka." Da na kawo ya ɗaga robar ya karkata ta ya duba kafin ya karɓa. Bayanin bai ci masa minti ɗaya ba.

Sakamako: akwai tarin fuka, kuma rifampisin zai yi aiki. Na biyun ne ya sa likitan ya sauke ajiyar zuciya, don da ta bijire da sai a kai ni sashen masu tari mai jure magani, aikin da ƙungiyar Damien ta Beljiyam ke tallafawa a Nijar, inda maganin ya fi yawa, ya fi tsawo, ya fi wahala.

Daga nan komai ya koma gudu. A rana ɗaya aka tura ni cibiyar kula da tarin fuka mafi kusa da gida, aka sa sunana a rajista, aka buɗe mini kati, aka auna nauyina, aka nemi izinina aka yi awon SIDA kamar yadda ake yi wa kowane mai tarin fuka, aka ce in duba suga. Duka biyu lafiya. Majo, babban ma'aikacin cibiyar, ya zaunar da ni ya yi bayani: wata 2 na farko magani 4 ne a haɗe cikin ƙwaya guda, rifampisin da izoniyazid da pirazinamid da etambutol, sannan wata 4 na biyun farko kawai. Yawan ƙwaya bisa nauyi ne, mai kilo 55 zuwa 70 yana shan 4 kullum da safe kafin ya ci komai. Fitsari zai koma ja-ja, kada in tsorata, rifampisin ne. Idan ido ya yi rawaya ko gani ya dushe in zo maza. Za a sake awon kaki a ƙarshen wata na 2 da na 5 da na 6. Ban biya ko dala ba. Abin da na kashe kafin in kai wannan ƙofar ta kyauta, tsakanin karne da sirum da siro da hoto da kabu-kabu, ya haura albashina na wata. OMS ta ce kusan rabin gidajen da tarin fuka ya shiga suna asarar fiye da kashi 20 cikin 100 na abin da suke samu a shekara, kuma na ga ta inda kuɗin ke zurarewa.

Da yake a farkon magani kusan kullum ina cibiyar, mun saba da majo. Wata rana da mutane suka ragu na tambaye shi yadda aka yi na bi ta hannun masu farar riga da yawa haka ba wanda ya kama. Bai kare kowa ba, bai kuma zagi kowa ba. Ya ce wanda ya wuni yana ganin palu, idonsa palu yake gani. Ya ce horon tarin fuka yawanci mutum ɗaya ake kira daga kowace likita, shi ke riƙe da rajista, ranar da ba ya nan ko aka yi masa canjin wurin aiki ilimin ya tafi da shi, waɗanda ke kujerar duba marasa lafiya kuwa sau da yawa ƴan sitaj ne da masu aikin sa kai. Sai ya faɗi wadda ban zata ba. Ya ce, "Mushe, da kai talaka ne ramamme daga ƙauye, wataƙila da an fi saurin tura ka. Akwai nauyin baki. Mutum ya ga ma'aikacin gwamnati da babbar riga, ya ji kunyar ce masa je ka a auna ka tarin fuka, don ya san abin da mutane ke haɗa shi da shi. Wani ma ka faɗa masa ya yi fushi ya canza likita."

Na yarda da shi, amma ba duka ba. Yawan aiki gaskiya ne, na gani da idona. Sai dai abubuwan da suka cece ni ba su ci kuɗi ko lokaci ba: dattijuwar da ta tambayi tun yaushe, likitan da ya jera takardu, mai labon da ya fito ya yi bayani ya duba roba. Su ma a cikin cunkoson suke aiki. A 2023, bisa ƙididdigar OMS, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da tarin fuka a duniya, miliyan 8.2 aka gano aka rubuta, miliyan 1.25 suka mutu. Waɗanda ke cikin giɓin nan ba duka ne suka ɓuya a gida ba. Wasunsu suna kan benci a gidan likita da karne a hannu.

Abin da ya hana ni barci bayan an gano ciwon ba jikina ba ne. Ƙwayar ta iska take bi, daga tari da atishawa da magana, kuma mai ciwon da ba a yi wa magani ba na iya harbin mutum 5 zuwa 15 a shekara cikin waɗanda suke kusa da shi. Ni kuwa duk hunturun nan ina tsaye gaban aji cike da yara ina ɗaga murya, tagogi a rufe saboda ƙura da sanyi. A gida muna ɗaki ɗaya da autarmu da ba ta kai shekara 5 ba. Majo ya ce a kawo kowa na gidan. Maiɗakina ta ce tana ɗan tari tun shekaranjiya, a ranar aka karɓi kakinta aka kai na'ura, ba wanda ya ce mata palu ko sanyi. Ba a samu komai ba. Autar aka duba ta, aka ga lafiya lau take, aka sa ta kan maganin rigakafi na wasu watanni, don allurar BCG da aka yi mata ranar haihuwa tana kare yaro daga munanan nau'o'in ciwon ne, ba ta hana kamuwa gaba ɗaya.

Makaranta ta fi wuya. Na sami darakta na faɗa masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Mushe, in iyaye suka ji fa?" Muka tsaya a kan cewa wanda zai riƙe ajin ya sa kunne, duk yaron da tarinsa ya daɗe a rubuta wa mahaifinsa takarda ya kai shi cibiyar kai tsaye, kuma a rubuta a takardar cewa yaron ya zauna da mai tarin fuka, don kada shi ma a fara da awon palu a tsaya nan. An tura wasu. Tagogi kuma aka buɗe su, ƙura ko ba ƙura. Ni na zauna gida har awon wata na 2 ya fito ba ƙwaya, ko da yake majo ya ce bayan makonnin farko na magani haɗarin harbin wani yana raguwa ƙwarai.

Na gama wata 6 ɗina ban tsallake rana ba, awon ƙarshe ya fito lafiya, majo ya rubuta a kati cewa na warke. Nauyina ya dawo. Numfashi ne bai dawo duka ba. Idan na yi doguwar magana a aji sai na tsaya na huta, tafiyar da nake yi da ƙafa daga gida zuwa babbar kasuwa yanzu sai na raba ta biyu. Na koma wa likitan da ya gano ni, ya sake ɗaukar hoto. Ramin ya rufe amma ya bar tabo, kuma ya ce tabon huhu ba ya gogewa, girmansa yana bin daɗewar da ciwon ya yi kafin a fara magani. Ya ce in adana hotunan biyu da katin wuri ɗaya, duk likitar da na je da tari in fara miƙa su, kuma in nemi a auna kaki. Dalilinsa shi ne wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi sauran mutane haɗarin sake yi, sannan wanda bai san tarihina ba yana iya ganin tabon ya ɗauka sabon ciwo ne ya maida ni kan magani, ko kuma ya ga sabon ciwo ya ce ai tsohon tabo ne.